Kafin ka sa a haɗa maka akwatin na'urar gem

Ga masu gidajen gem na Zuru da kewaye, da masu shirin buɗewa: aikina kafinta ne, kuma cikin abin da aka fi kawo mini akwai akwatin da ake zaunar da talabijin da PlayStation a ciki. Yawancin masu zuwa fenti da ƙofar gilashi suke fara tambaya, alhali na'ura ba ruwanta da ado. Iska take so, da katako mai ƙarfi, da hanyar da mai gyara zai sa hannu.

Irin wannan akwati ya daɗe a duniya. Wasannin Space Invaders na 1978 da Pac-Man na 1980, waɗanda kamfanonin Japan suka fitar, a cikin dogayen akwatunan katako suke, kuma an bar musu kafofin iska da ƙofa ta baya. Mu a nan abin da ya fi yawa shi ne PlayStation 2, wadda Sony ta fitar a 2000, amma buƙatar ɗaya ce.

Na farko, zafi. A watan Maris da Afrilu, shago mai rufin kwano cike da yara ya isa tanderu. Idan aka kulle na'ura a akwati marar kafa, zafin da fankarta ta fitar shi za ta sake shaƙa har ta mutu. A huda kafofi a ƙasa da sama ta baya, a rufe su da ragar ƙarfe. Ragar na hana ɓera da kyankyaso shiga, amma ƙurar hunturu na toshe ta, sai a riƙa gogewa duk mako.

Na biyu, katako. Daminar ƙasar Zuru ta fi ta Birnin Kebbi ruwa, shi ya sa katakon nan na garin itace da ake matsewa da gam ba ya kai labari: da ya sha laima sai ya kumbura, kusoshi su saki. A nemi filawud mai kaurin milimita 18, a yi masa ƙafafu ya tashi daga ƙasa saboda gara da ruwan shara. Tsohuwar talabijin mai doro, inci 21, ta haura kilo 20, kuma nauyinta a gaba yake. Akwatin da gindinsa ba faɗi, yaro ɗaya ya ja waya sai ta rikito masa.

Na uku, wuta. Wutarmu volt 230 ce, ta Japan 100, ta Amurka 120. Wasu na'urorin na hannu da ake sarowa daga kasuwar Alaba ta Legas sai da taransifoma mai rage wuta, don haka a ware mata gurbi. Ita kuwa talabijin mai doro tana riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare ta daga soket. Ƙofar baya ta zama da kwaɗo, makulli a hannun mai shago.

Shawarata: sayi na'urarka da talabijin tukuna, ka kai wa kafinta ya auna da kansa, sannan ya yanka katako. Wanda ya ce zai haɗa maka bai ga kayan ba, nemi wani.