Yadda ake mayar da aiki daga wata kwamfuta zuwa wata da CRIU

Lissafi ya kwana uku yana gudana a ɗaya daga cikin kwamfutocin rukuninka, sai fankarta ta fara ƙara, gyara ya zama dole. Ba sai wahalar kwana ukun ta tafi a banza ba. A Linux akwai CRIU, manhajar da Pavel Emelyanov da abokan aikinsa na OpenVZ suka soma a 2011. Tana tsayar da aiki cak, ta juye abin da ke ƙwaƙwalwarsa cikin fayiloli, ta tashe shi a wata kwamfutar daga inda ya tsaya.

Da farko ka shiga kwamfutocin biyu a matsayin root, ka buga `criu check` a kowacce.

Daga nan sai ka gyara masauki, kuma a ganina nan ne aikin yake. Duk fayil ɗin da aikin ya buɗe, dole ya same shi a sabon gida, a mazauni iri ɗaya, da girma iri ɗaya. Shi ya sa na fi son ma'ajiyar haɗaka irin NFS, wadda kwamfutocin biyu ke gani tare. Duba firosesa ma: aikin da ya tashi a kan sabuwa yana iya faɗuwa a kan tsohuwa, domin akwai umarnin da ba ta sani ba.

Nemo lambar aikin da `pidof`. A ce 4210 ce, sai ka buga:

`criu dump -t 4210 -D /ajiya --shell-job --leave-stopped`

Kada ka manta da `--leave-stopped`. In babu shi, CRIU na gama juyewa za ta kashe aikin, kai kuwa ba ka san zurfin ruwan da ke gabanka ba tukuna.

Kwashe `/ajiya` zuwa ɗaya kwamfutar da `rsync`, a can ka buga:

`criu restore -D /ajiya --shell-job`

Aikin zai nemi tsohuwar lambarsa, 4210. Idan wani ya riga shi kamawa, ba zai tashi ba sai an sakar masa ita. Idan kuma yana riƙe da haɗin TCP, ƙara `--tcp-established` wajen juyewa da wajen tashi, adireshin IP ɗin ma ya bi shi.

Sai ka ga yana tafiya lafiya a sabon gida sannan ka kashe na tsohon da `kill -9 4210`. Don Allah, ka fara gwadawa da ƙaramin aiki yau, tun kafin fankar ta fara ƙara.