Abin da Albasa da Dankali Suka Koya Mini

Sa'ad da aka tura ni gwajin koyarwa a wata makarantar sakandare cikin garin Bauchi, sai aka ba ni 'yan ajin ƙarshe in koya musu ilmin halittu, watau Bayoloji. Yaran nan akwai su da hadda. In ka tambayi ma'anar kalma, sai su zubo maka ita tiryan-tiryan. Ni kuwa har na fara yabon kaina.

Ran nan na shiga Kasuwar Muda Lawal cefane, na sayo albasa, da dankalin Turawa, da dankalin Hausa, da ɗanyar citta. Da gari ya waye na zube su bisa tebur, na ce a nuna mini wanne ne saiwa, wanne ne kara. Aji ya yi tsit. Can sai gwanin hadda ya miƙe, ya ce ai duk saiwa ne, tun da daga ƙasa ake tono su. Kunya ta kama ni, don darasin nan ni na koyar da shi mako biyu da suka wuce.

Sai wata yarinya a baya ta ce, "Malam, dankalin Turawa kara ne, ga idanunsa nan, daga nan yake tsiro in ya daɗe a buhu." Gaskiyarta. Kowane ido toho ne, da ɗan tabon ganye a gefensa. Dankalin Hausa saiwa ce da ta kumbura da abinci. Citta kara ce mai tafiya a kwance ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa take da gaɓoɓi. Albasa kuwa ganyaye ne masu kauri da suka rungume wani guntun kara a gindi.

Na tambaye ta yadda take karatu. Ashe ubanta ɗan gwari ne a kasuwar nan. Kullum da yamma takan rufe littafi, ta zana abin da aka koya ranar, sa'an nan ta buɗe ta gyara kurenta. Minti talatin ne kawai. Shi kuwa gwanin, sai jarrabawa ta matso yake kwana a zaune da shayi.

To, wannan ba sabon abu ba ne. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya gwada kansa, ya ga mantuwa ta fi sauri a ranar farko, kuma bita kaɗan-kaɗan a ranaku dabam-dabam ta fi wadda aka yi a zama guda. Har wa yau, hukumar jarrabawa ta WAEC, wadda aka kafa 1952, tana da takardar aikin hannu a Bayoloji, inda ake ajiye wa yaro abu a gabansa, a ce ya duba, ya zana, ya sa sunayen sassa. Nan hadda ba ta cetonsa, kuma wanda ya faɗi Bayoloji ya yi sallama da karatun likita.

Daga ranar na sa doka: kowace Litinin a zo da abu ɗaya daga kasuwa, da zanensa da aka yi ba a duba littafi ba. Da fari sun yi gunaguni ƙwarai. A mako na uku sai ga gwanin nan da tarwaɗa da ƙarfasa a leda, yana tambayata dalilin da ya sa ɗaya ke da ɓawo a jiki, ɗaya babu.