Yadda Lambar Mai Buga Waya Ke Isa Ga Wanda Aka Kira

Tun ƙarshen shekarun 1980 kamfanonin tarho na Amurka suka fara sayar da tsarin nuna lambar mai kira, wanda a yau ya zama ruwan dare a harkokin kasuwanci.

Da zarar mutum ya buga waya, cibiyar kamfaninsa ce ke ɗaukar lambarsa, ta tura ta zuwa cibiyar wanda ake kira. Saƙon ba ya bin hanyar da murya ke bi. Yana bin wata hanya ta daban da cibiyoyin ke amfani da ita wajen shirya kira, wadda ake kira SS7.

Daga cibiya ta ƙarshe zuwa tarhon gida kuwa, kowace ƙasa da tsarinta. A Amurka ana aika lambar da kwanan wata da lokaci cikin wani ɗan sauti tsakanin ƙararrawa ta farko da ta biyu. Shi ya sa wanda ya yi gaggawar ɗaga waya ba ya ganin komai. A Birtaniya kamfanin BT na aika bayanin tun kafin ƙararrawa ta farko. A wayar salula irin ta GSM, wadda aka fara amfani da ita a Nijeriya cikin 2001, lambar na zuwa ne tare da saƙon da ke sa wayar ta yi ƙara.

Sai dai tsarin ya ginu ne bisa amana, domin cibiya ta ƙarshe ba ta tantance lambar da aka miƙo mata. Da zuwan kira ta intanet, sauya lamba ya yi sauƙi, 'yan damfara suka samu ƙofa. Wannan ya sa hukumar sadarwar Amurka ta wajabta wa manyan kamfanoni sa hannun tantancewa a kan kira daga ranar 30 ga Yuni, 2021. A Nijeriya ma Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi fama cikin 2018 da masu shigo da kiran ƙasashen waje da lambar gida don kauce wa kuɗin da ya kamata su biya.

Saboda haka ganin lambar banki a fuskar waya ba hujja ba ce. Ya kamata ɗan kasuwa ya katse kiran, ya buga lambar da ya sani da kansa kafin ya ba da bayanin asusunsa.