Amsoshin Tambayoyinku: Wane Kaskon Wuta Ya Dace da Tsakar Gida?

Wani mai sauraronmu daga Jos ya aiko da tambaya. Ya ce abokansa kan taru a gidansa hirar dare lokacin hunturu, to wane irin kaskon wuta ya kamata ya saya?

To Malam, mun gode da wannan tambaya. Da farko ka dubi faɗin tsakar gidanka. Idan babu fili sosai, nemi kaskon ƙarfe mai kauri, mai ƙafafu uku ko huɗu da ƙananan huji a gindi domin iska ta riƙa hura garwashi. Maƙera na ƙera shi daidai da buƙata. Na yumɓu ya fi riƙe zafi, sai dai ba ya jure faɗuwa. Idan kuma na dindindin za ka gina, yi amfani da jan bulo, ka zuba yashi a ƙasa. Ka guji jiƙaƙƙun duwatsun rafi, domin ruwan da ke cikinsu kan sa su fashe idan sun ji wuta.

Gawayi ya fi itace ƙarancin hayaƙi, kuma na kirya kan daɗe yana ci, har a dafa shayi a gasa masara.

Ajiye kaskon aƙalla mita 3 daga rumfa, zana ko igiyar shanya, da bokitin ruwa a kusa. Kada a kunna da fetur, kada a bar yara su kaɗai. Muna kuma roƙonka, idan an tashi daga hira, kada a shigar da garwashin ɗaki a rufe ƙofa. Yana fitar da iska mai guba marar wari, wadda ke kashe mutum cikin barci.

Allah Ya tsare, a sha hira lafiya.