Darasinmu na Fiƙihu: Haƙƙin da Ba Ya Saraya

Bismillahir Rahmanir Rahim. Darasinmu na yau a kan wata kalma ce ta shari'a da ya kamata kowace matar aure ta san ma'anarta, wato isƙaɗi. Kalmar Larabci ce, ma'anarta mutum ya sarayar da haƙƙinsa, ya ce na yafe, shi ke nan haƙƙin ya faɗi. To amma malamai sun ce akwai haƙƙoƙin da ba su karɓar isƙaɗi. Ko mai haƙƙin ya ce ya yafe, ko dangi sun taru sun soke, suna nan daram. Masana dokar zamani ma suna da irin wannan magana, domin a gabatarwar sanarwar haƙƙoƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948 an ambaci haƙƙoƙin da ba a raba mutum da su.

Yaya ake gane su? Imam Alƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar da ya rasu a shekara ta 684 bayan Hijira, ya yi bayani a littafinsa Alfuruƙ cewa abin da bawa yake da ikon yafewa shi ne haƙƙin bawa, wanda kuwa ba shi da ikon yafewa haƙƙin Allah ne. Ga misalai daga cikin gidajenmu.

Na farko, sadaki. Ba ya halatta a ɗaura aure bisa sharaɗin babu sadaki, ko da amarya da waliyyinta sun yarda. A mazhabar Malikiyya mafi ƙarancinsa rubu'in dinari ne ko dirhami 3. Kuma kuɗin amarya ne, ba na uba ko kawu ba. Amma bayan ya zama nata, in ta ba mijinta wani abu daga ciki da daɗin rai, ya halatta gare shi, kamar yadda aya ta 4 ta Suratun Nisa'i ta nuna.

Na biyu, gado. Matar mamaci tana da kashi 1 cikin 8 in ya bar ɗa ko 'ya, kashi 1 cikin 4 in bai bari ba, kamar yadda ya zo a aya ta 12 ta wannan sura. Uba ba shi da ikon ya ce na cire wance daga gadona. Mace ma in ta ce ta yafe gadon mahaifinta alhali yana raye, maganar ba ta aiki, don ba ta mallaki komai ba tukuna. Da zarar ya rasu, rabonta ya shiga mulkinta. Abin da ke hana gado shari'a ta faɗe shi, kamar kisan wanda za a gada da bambancin addini. Fushin dangi ba ya ciki.

Na uku, idda. Wadda mijinta ya rasu takabarta wata 4 da kwana 10, mai ciki kuwa sai ta haihu. Miji da mata ba su isa su haɗa baki su ce sun yafe iddar saki ba, domin akwai haƙƙin Allah da kare nasaba a cikinta.

Na huɗu, nasaba. Yaron da kika riƙa, komai son da kike masa, da sunan mahaifinsa za a kira shi. Dubi aya ta 5 ta Suratul Ahzab.

Akwai kuma haƙƙin da mace za ta iya yafewa, kamar kwana. Nana Sauda, Allah Ya ƙara mata yarda, ta bar wa Nana A'isha kwananta. Malamai sun ce wadda ta yi haka tana da damar ta dawo ta karɓi kwananta daga baya.

'Yar'uwa, inda ake cutar mata da yawa shi ne wajen gado. Sai a ce gona ta maza ce, ke ai kina gidan miji, ki yafe kawai. Kunya ta sa ki yi shiru, 'ya'yanki su tashi babu komai. Shawara ita ce ki bari a raba, ki san rabonki, a rubuta da shaidu. Bayan haka in kin ga dama ki ba ɗan'uwanki, kyauta ce kuma kina da lada. Abin da aka karɓa da tilas kuwa bai halatta ga mai karɓa ba. In abu ya rikice, a nemi malami masani ko a je gaban alƙali, neman haƙƙi ba rashin kunya ba ne.

Allah Ya ba mu ikon tsayawa kan iyakokinsa, amin. Wallahu a'alam.