Hular Ulu Mai Tufka Domin Jaririn Hunturu

Duk wanda ya san Gwagwalada ya san ta da zafi. Garin yana bakin kogin Usuma, a kan hanyar Abuja zuwa Lokoja, kuma rana takan gasa shi fiye da cikin birnin Abuja. Saboda haka maganar saƙar ulu a irin wannan gari takan ba mutane dariya. Amma daga watan Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu takan sauko daga hamada da ƙura da bushewa, dare ya yi sanyi, asuba kuwa ta fi. Babba yakan ja mayafi ya koma barci. Jaririn da aka haifa jiya ba ya iya taimakon kansa haka.

Jikin jariri yana zubar da ɗumi da sauri. Kansa babba ne in an gwada da sauran jikinsa, kitsen da ke ƙarƙashin fatarsa kaɗan ne, ba ya kuma iya rawar ɗari yadda babba yake yi domin ya ɗumama jikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗumin jikin jariri lafiyayye yana tsakanin digiri 36.5 da 37.5, in ya gaza haka, sanyi ya kama shi. Haɗarin ya fi tsanani ga bakwaini da wanda nauyinsa bai kai kilo 2.5 ba. Jaririn da sanyi ya kama yakan rage shan nono, jikinsa ya yi laƙwas, sau da yawa ba ya ma kuka, sai iyaye su zaci barci yake yi. Matar da ta haihu a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada za ta koma da ɗanta Kutunku ko Dobi ko Paiko, inda babu kwalbar ɗumama jarirai. Abin da take da shi shi ne ƙirjinta da zanenta. Dabarar rungume bakwaini a ƙirjin uwa, fata da fata, wadda likitoci suka soma a Bogota ta ƙasar Kolombiya a shekarar 1978, ita ma tana bukatar hula, gama kan yaron ne yake waje.

Hula mai tufka ta fi ta saƙar fili riƙe ɗumi. Tufka ita ce zanen nan da yake hawa jikin rigar sanyi kamar igiya ko kitso. Ta shahara ne a ƙarni na 20 ta wurin rigunan mutanen tsibiran Aran, a yammacin ƙasar Ailan. Inda zare ya hau kan zare saƙar takan yi kauri, ta riƙe iska a tsakani, iskar nan kuwa ita ce take tsare ɗumi.

Aikin ba shi da wuya kamar yadda ido yake gani. Ana bukatar tsinkayen saƙa biyu, da wani gajere na uku. Tsinken tsire da aka goge sumul ma ya isa. Kowane zoben zare da ke kan tsinke shi ne ido. Wadda ta iya saƙar gaba da saƙar baya ta riga ta iya rabin aikin. Kewayen kan jariri sabon haihuwa yakan kai santimita 33 zuwa 35, don haka da zare matsakaici sai a ɗora kimanin ido 72. A fara da bakin hula mai talewa, gaba ɗaya baya ɗaya, har faɗin yatsu biyu. Daga nan a raba idanun shida shida: biyu na baya, huɗu na gaba. A layin dawowa a bi kowane ido yadda ya bayyana. A layi na biyar, in an iso ga huɗun nan, a zare biyun farko a ɗora su kan gajeren tsinke, a riƙe su ta gaban aikin, a saƙa biyun da ke biye, sa'an nan a komo a saƙa waɗanda aka ajiye. Shi ke nan an murɗa. A maimaita bayan kowane layi shida. In an riƙe ta gaba tufkar takan karkata hagu, in ta baya dama. Abin lura shi ne kada a sauya hannu a tsakiyar aiki. Masu koyo sukan ja zare da ƙarfi a wurin murɗawa don tsoron rami, hular ta fito da tauri kamar faifai. Gara a saki hannu. Tufka kuma tana tsuke faɗi, tana cin zare fiye da saƙar fili, saboda haka a sayi zaren duka a lokaci ɗaya domin launi kada ya bambanta. In tsawo ya kai kimanin santimita 11, a riƙa haɗa ido biyu biyu har su ragu, a zura zare a tsuke, a ɗinke gefen, a bar ɗinkin ta waje don kada ya goge fatar yaro.

Abin da ake kira ulu a kasuwa galibi ba gashin tunkiya ba ne. Tumakin ƙasar nan, Yankasa da Uda da Balami, gashinsu gajere ne, ba a kaɗa shi. Zaren masana'anta ne, wanda ake kira akirilik. Yana da araha, yana wankuwa, amma wuta tana narkar da shi ya manne a fata. Kada a kwantar da jariri mai hular nan kusa da kaskon gawayi, balle a rufe ɗaki da gawayi a ciki, gama iskarsa tana kisa ba tare da wari ba.

Matan Zumunta da suke kai gaisuwar haihuwa da sabulu da zane za su iya ƙara hula biyu, ɗaya a kai ɗaya a shanya, kamar yadda Dokas ta Yafa ta yi hidima da tufafin da ta ɗinka. Sai dai a gaya wa mai jego cewa hular ta dare ce da safiya. Da rana ta ɗaga a Gwagwalada, a taɓa bayan wuyan yaro. In da gumi, a cire. Kada a sa mata igiyar ɗaurewa a wuya, kada kuma ta yi girman da za ta zamo ta rufe masa hanci. A wanke ta da ruwan sanyi, a matse a hankali, a shimfiɗa ta a inuwa inda ƙura ba ta kaiwa.