Launi Ma Rubutu Ne: Karatun Ja da Rawaya da Kore a Gida da Gona

Tun kafin mu san baƙaƙe da wasula akwai karatun da muka iya. Manomi yana duban gabas ya ce wannan baƙin hadari na ruwa ne, wancan ja kuwa iska ce da ƙura. Uwargida tana duban ƙosai cikin mai ta san ya soyu. Wannan shi ne karatun launi. Sunayen launukan ma daga dajinmu suka fito. Rawaya saiwar wani tsiro ce da ake rini da ita. Ruwan ɗorawa daga garin ɗorawa aka samo shi. Shuɗi kuwa aikin baba ne a marina.

A yau likitoci da malaman gona da launi suke yi mana magana a wurare da yawa. Amma a lura, launi ɗaya ba abu ɗaya yake nufi a ko'ina ba. Akwai ja na hatsari, akwai ja na magani. Ya kamata mu san kowane a wurinsa.

Ma'aunin dantse

Mu fara da wanda ya fi kowane nauyi a ƙasar Magarya da Dungas. Kowa ya san yadda damina take yi wa ƙananan yara. Daga Yuli zuwa Oktoba hatsin bara ya ƙare, na bana bai nuna ba, ga kuma zazzaɓin sauro. Tamowa da zazzaɓi sai su haɗu a jikin yaro guda. Tun 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara aikin jinyar yara a Magarya. A daminar 2018 an kai lokacin da yara sama da 700 suke kwance a asibitin garin a rana ɗaya. Da yawa daga cikinsu an kawo su ne a makare.

Akwai wani ɗan siririn ma'auni na roba mai launi uku da ake zagaya dantsen yaro da shi. Ana auna yaro daga wata 6 har ya cika shekara 5. Ga yadda ake yi. A tuɓe masa riga. A kama hannun hagu. A nemi tsakiya tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. A bar hannun ya sauka, kada ya ƙage shi. Sai a zagaya ma'aunin ya kwanta a kan fata, ba a matse ba, ba kuma a sake ba. Launin da ya fito a ƴar tagar shi ne amsa.

In kore ne, wato tsanwa, kaurin dantse ya kai santimita 12 da rabi ko ya fi. Yaro yana lafiya ta wannan fuska, a ci gaba da ba shi nono da abinci mai gina jiki. In rawaya ne, tamowa ta fara shiga. A kai shi gidan likita cikin kwanakin nan, kada a jira ranar kasuwa ta sama. In ja ne, dantse bai kai santimita 11 da rabi ba. Wannan yaro yana cikin hatsarin mutuwa ko da yana wasa, ko da yana dariya. Ranar nan za a kai shi.

Wani zai ce ai wannan aikin likita ne, ina ruwan macen da ba ta yi boko ba? To, an gwada. A gundumar Mirya, maƙwabciyarmu, daga 2013 zuwa 2014 ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN sun koya wa uwaye sama da 12,000 wannan awo. Aka tarar awonsu bai gaza na ma'aikatan lafiya na ƙauye ba. Kuma yaran da uwayensu suka gano, ba su cika kai ga kwanciya asibiti ba, domin da wuri aka kawo su. Dalili a fili yake: ma'aikaci yakan zo jefi-jefi, uwa kuwa kullum yaron yana bayanta.

Sai dai akwai tamowar da ma'auni ba ya kamawa, wato mai kumburi. Yaro yakan yi kamar ya yi ƙiba, alhali ruwa ne. A nan ma launi yana ba da labari: gashin kansa ya bar baƙi ya koma ja-ja, ya yi laushi, yana tsigewa. A danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa, a ƙirga ɗaya, biyu, uku, a ɗaga. In gurbin yatsa ya zauna a ƙafa biyun, sai gidan likita, ko da ma'auni ya nuna kore. Abincin gyaɗa na cikin leda da ake bayarwa can magani ne na yaro ɗaya. Ba na yayyensa ba ne, ba kuma na tallar kasuwa ba ne.

Ja da shuɗi na alheri

Ranar da masu rigakafi suka shigo gari da ƙwayar bitamin A, za ku ga iri biyu. Shuɗiya ta jariri ce daga wata 6 zuwa wata 11. Ja ta yaro ce daga shekara 1 har zuwa 5, ƙarfinta ya ninka na shuɗiyar sau biyu. Wannan ja ba na tsoro ba ne. Yana kare yaro daga dundumi, yana ƙara masa ƙarfin jure ƙyanda da zawo. Duk wata 6 ake maimaitawa.

Haka nan dakashi, nonon farko mai kauri mai ruwan ɗorawa. Kakanninmu sun ga launinsa suka ɗauka gurɓatacce ne, ana tatsewa a zubar. Kuskure ne babba. Shi ne rigakafin farko na jariri, a sa shi a nono cikin sa'ar da aka haife shi. Rawayar da ake gudu ita ce ta ƙwayar ido, wato shawara. Farin da ake gudu shi ne na tafin hannu da na cikin fatar ido, alamar jini ya ragu, abin da ke yawan samun mai ciki da yaron da zazzaɓi ya daɗe a jikinsa. Jan fitsarin yara maza kuwa ba alamar balaga ba ce. Tsargiya ce, a tabki ake ɗaukarta, kuma tana da magani.

Zanen da ke gindin kwalba

Yanzu mu shiga gona. Duk wanda ya sayi maganin feshi a kasuwar Magarya, ko Bande, ko Dogo-Dogo, ko ya tsallaka Maigatari, to ya dubi ƙasan takardar da ke jikin kwalbar. Akwai zane mai launi a kwance. Ja yana nufin guba mai tsanani ƙwarai, kaɗan ya isa kisa. Ƙaramin manomi ya bar shi a inda ya gan shi. Rawaya yana bi masa, shi ma mai cutarwa ne sosai. Shuɗi a yi hattara. Kore shi ne mafi sauƙi, amma ba ruwan sha ba ne: shi ma sai an rufe hanci da baki, an sa riga mai dogon hannu, an juya wa iska baya.

Wanda ya fi ja muni shi ne wanda ba shi da zane ko kaɗan, irin wanda ake ɗurawa a tsohuwar kwalba ana cewa fiya-fiya. Ba ka san abin da ke ciki ba, likita ma ba zai sani ba. Wasu har a wake suke zuba shi don ƙwari. Ga buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS, in an ɗaure shi da kyau ƙwari suna mutuwa don rashin iska, ba tare da ɗigon magani ba. Kwalbar da ta ƙare a huda ta, kada ta zama ta man gyaɗa ko butar yara. In wani ya sha guba, kada a ɗura masa nono ko mai, kada a tilasta masa amai. A kai shi gidan likita tare da kwalbar. Irin shuka da kuka ga an rina shi ja ko ruwan hoda, an yi haka ne don a san an gauraya shi da magani. Ko yunwa ta yi tsanani ba a daka shi, ba a ba kaji.

Ita ma shuka tana kuka da launi. In tsofaffin ganyen gero na ƙasa suka fara rawaya, ƙasa ta gaji, tana neman taki. In ganyen ƙaramin gero ya yi shunayya, sinadarin fosfat ne ya gaza, kuma jigawarmu ta saba da wannan rashi. Gram 2 na takin DAP a kowane rami lokacin shuka yana taimakawa. Furen ƙuduji mai ruwan hoda yana da kyan gani, amma tushe ɗaya yana zubar da dubban ƴaƴa, suna iya kwana cikin ƙasa fiye da shekara 10. A tuge shi kafin ya yi fure, a ƙone a wajen gona. Gyaɗar da ta yi funfuna kore-kore a tsince ta a zubar, domin gubarta tana cin hanta, kuma suya ba ta kashe ta.

Gawo kaɗai ya saɓa wa kowa. Da damina, daji duk kore, shi ya kaɗe ganyensa ya tsaya fari kamar busasshe. Baƙo sai ya ce ya mutu. Mutanen Magarya da Matamai da Mirya sun san ba haka ba ne, shi ya sa tun shekarun 1980 suke barin ƙananansa a gona har ƙasar ta cika da shi. Ganyen da ya zubar shi ne takin geron da ke ƙarƙashinsa, da rani kuma ya yi kore ya ba awaki ƴaƴa.

Aikin wannan mako: malamin kowace cibiyar yaƙi da jahilci ya aro ma'aunin dantse a gidan likita mafi kusa. Kowane ɗalibi, namiji da mace, ya auna yaro ɗaya na gidansu, ya rubuta watannin yaron da launin da ya fito a littafinsa.